Ribit Dubu Biyu

Ranar da Marlys Tollefsrud ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya tana kwanciya a ƙarƙashin motocin makarantun gundumarmu tana gyara su, abokan aikinta suka haɗu suka ba ta kyautar kujerar lilo. Kujerar lilo fa! Ta yi godiya baki har kunne, ta ɗora ta a bayan a-kori-kura, ta wuce da ita coci aka sa a kayan gwanjo. Ita abin da ke ranta daban ne. Mota za ta haɗa da hannunta a sanyin bana, irin 'yan tseren nan na zamanin da masu kujera biyu, waɗanda kamfanoni ke kwaikwayon surarsu su aiko maka gunduwa-gunduwa a kwalaye, kai kuma ka san yadda za ka yi da su.

Wata biyu ta yi tana cin abinci a tsaye, don littattafan tallar kamfanonin sun cinye teburin kicin. Ta tace, ta sake tacewa, har suka rage biyu. Ta farko ta kamfanin Kettle Ridge ce: ba rufi, ƙofofi kamar murfin akwati, salansar hayaƙi biyu kwance a gefe, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Ita kam tsurar aiki ce. Ƙashin ƙarfe za a aiko maka da fallayen alminiyam ko huda babu, kai za ka auna, ka huda, ka matse kowanne da ribit, 'yar ƙusar nan da ake ɗaurewa da bindigar iska, har wajen dubu biyu. Duk lokacin da Marlys ta buɗe shafinta sai ta ji zuciyarta na tsalle kamar ta 'yar shekara sha shida. Ta biyu ta kamfanin Sundby ce, mai rufi, mai faffaɗar ƙofa, kujera a sama, giya mai canza kanta, kuma rabinta a haɗe take zuwa. Ita ma kyakkyawa ce, ba laifi. Kuma ita Marlys ta yanke a ranta za ta saya, ba don ta fi sonta ba, sai don Arvid.

Arvid yayanta ne, ya ba ta shekara bakwai, shi ya fara damƙa mata sifana tana 'yar shekara tara. Duk garin nan ba bakaniken da ya kama ƙafarsa, ga shi bahago, ga baƙar magana. Wata goma sha huɗu da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Baki ya dawo, har ya fi na da kaifi, ƙafa tana ja da sanda, amma hannun nan na hagu da ya ci abinci da shi shekara arba'in da biyar sai dai ya kwanta a cinya. Tun daga ranar bai sake taka bakin garejinsa ba, alhali taku ashirin ne daga ƙofar kicin. Yanzu kuma ya kira mai gwanjo, wai ranar Asabar ta sama a zo a kwashe kayan aikinsa kaf. Marlys ta san yayanta: ranar da akwatin sifanun nan ya bar gidan, to shi da kujerar gaban talabijin sai mutuwa. Saura kwana takwas, kuma ba ta da wata dabara sai motar nan.

Mu nan akwai ƙa'ida a wurin masu haɗa irin waɗannan motoci: ba ka aika kuɗinka kamfani sai ka je ka zauna a cikin ta wani tukuna. Hoto ba ya gaya maka inda gwiwarka za ta buga. Don haka duk Asabar ta farko a wata sukan taru a gonar Delbert Nyquist, a ci fanke da tsiran alade, a sha gahawa, kowa ya buɗe ƙofar motarsa ga mai son gwadawa. Taron Oktoba shi ne na ƙarshe kafin ƙanƙara ta rufe hanya.

Washegari Asabar, ƙarfe bakwai na safe, ta danna wa Arvid hon a ƙofar gida, ta sake dannawa, har ya fito yana jan ƙafa, fuska a murtuke.

"Ke ba ki da maƙwabta ne a unguwarku?" in ji shi.

"Shigo, tsoho. Fanke zai huce."

"Ni fanken kawai zan ci. Kada ki ce za ki nuna mini mota."

"Wa ya ce maka mota? Ai kaji za mu je kallo."

Ya yi tsaki ya hau. Duk tsawon hanya bakinta bai huta ba, tana lissafa masa injin da za ta sa, da launin da take so, ko kore mai duhu ko shuɗi. Shi ko ya yi kunnen uwar shegu yana kallon gonakin masarar da aka girbe. Sau ɗaya kawai ya tanka, da ta canza giya a kan tudu.

"Shekara hamsin, har yau kina cin kulocin mutane."

Ita kuwa daɗi ya kama ta, don rabon da ya zage ta a kan mota tun kafin ciwon.

Tun daga bakin titi suka fara jin rugugin. Kai, wanda bai taɓa jin injinan nan goma sha biyu suna ɗumama da sanyin safiya ba, ba zai gane ba! Ƙasa har rawa take. Ga su jere a kan ciyawa, ja, shuɗi, fari mai ratsi, hayaƙi na tashi daga salansa, tsofaffi masu furfura suna kewaya su kamar yara a gaban mai alewa. Marlys ta kusa barin motarta a kunne. Ta dai daure, ta jira Arvid ya sauko, ta kai shi rumfa ya ci fankensa uku, sannan ta ja shi a hankali zuwa inda wata Sundby ruwan toka take, ta wani likitan haƙori daga garin gaba.

"Gwada mana," ta ce, kamar abin bai dame ta ba. "Kai ma ka ji yadda take."

Ya harare ta, amma mutane na kallo, sai ya miƙa mata sandar. Ƙofar ta buɗe wangale. Ya juya baya, ya zauna, ya ɗaga ƙafar hagu da hannun dama ya shigar, shi ke nan. Ko minti ɗaya bai yi ba. Marlys kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha don murna.

"Ka gani! Ka gani ko! Ba salansa a gefe da za ta ƙona maka ƙafa, ba kuloci, ga rufi in ana ruwa. Kamar don kai aka yi ta."

Likitan ma ya matso da fara'arsa ya ƙara gishiri. "Kuma ba wahalar haɗawa, ranka ya daɗe. Komai a hude yake zuwa, fallayen a manne. Ni da ban san kan sifana ba, Asabar shida na gama. Surukina ma da aka yi wa aikin ƙugu yana shiga abinsa lafiya lau."

Nan fa fuskar Arvid ta canza. Ya dubi sitiyarin, ya dubi ƙanwarsa, ya yi magana a hankali, wanda ya fi tsawa muni.

"Asabar shida. To ni meye aikina a ciki, Marly? Buhun yashi, don kada rashin nauyi ya kifar da ita a kan kwana?"

"Haba Arvid, ni fa cewa na yi..."

"Motar asibiti kika zaɓo mini. Saura ki sa mata jiniya." Ya fizgi sandarsa, ya fito da sauƙin da ya shiga, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan. "Ina cikin mota. In kin gama kallon kajin ki same ni."

Jikin Marlys ya yi sanyi ƙalau. Wata biyu tana auna faɗin ƙofa da tsayin kujera, ta haƙura da motar da ranta ke so, ashe duk a idonsa lissafin majinyaci take yi. Abin haushin ma, da gaskiyarsa. Ta tsaya tana kallon bayansa yana tafiya, sanda, ƙafa, sanda, ƙafa, hawaye na neman kunyata ta a gaban maza.

To hanyar zuwa inda suka ajiye mota ta gaban ƙaton rumbun da Delbert ke aiki a ciki ta bi, ƙofar kuwa a buɗe take. Daga ciki ake jin wani sauti, tas, shiru, tas. Arvid ya rage tafiya. Ya wuce ƙofar da taku biyu, ya tsaya, ya dawo. Marlys ta lallaɓo ta tsaya daga gefe.

Delbert tsohon manomi ne, shekara saba'in da huɗu, kurma-kurma, motarsa ta huɗu ke nan yana haɗawa, kuma tausayi ba ya cikin kayan aikinsa. Ga ƙashin Kettle Ridge tsirara a kan jak huɗu, rabin fallayen an ɗaura, rabi a jingine a bango. Ya ɗago ya ga mai tare masa ƙofa.

"Arvid Tollefsrud! Na ɗauka ka mutu. Matsa mini daga haske, ko ka shigo ka biya harajinka."

Harajin Delbert kowa ya san shi. Duk wanda ya taka rumbun nan ana cikin haɗa mota, sai ya matse ribit ɗaya, ya rubuta sunansa da baƙin alƙalami a bayan fallen, inda ba mai sake gani in an rufe. Fasto ya biya, mai kawo wasiƙa ya biya, har matar da ta zo karanta mitar wuta.

Arvid ya shigo. Idonsa na kan layin ribit ɗin da ke gefen akwatin da direba ke zura ƙafa. Ya matso, ya sunkuya, ya bi su da babban yatsa.

"Wa ya ja maka layin nan? Maye?"

"Ni na ja. Me ya yi?"

"Na farko inci biyu, na gaba biyu da rabi, wannan kuma Allah kaɗai ya san inda ya nufa. Da ido ka auna, ko da hanci?"

"To gwani, ga bindiga."

Delbert ya miƙa masa ita, ta ɓangaren hagu, don duk garin nan an san da wane hannu Arvid ke karɓar kayan aiki. Bindigar na rataye a tsakaninsu, mesar iska na huci. Marlys ta ce a ranta shi ke nan, yau an gama da ita. Sai Arvid ya jingina sandarsa a jikin ƙarfen, ya dafe ƙugunsa a kan shasin, ya miƙa hannun dama ya karɓa. Ya juya ta, ya gwada nauyinta, kamar wanda aka ba jaririn wasu.

Ya sa kan ribit ɗin a ramin da kyar. Amma fallen ya ɗan ɗaga daga jikin ƙarfen, kuma kowa ya san in ka matse a haka, ribit ɗin zai kumbura a tsakani, aiki ya ɓaci. Sai an danne da ɗaya hannun. Marlys ta ga kafaɗarsa ta hagu ta motsa, ta ga hannun ya ɗan taso daga gefensa ya koma. Ƙafafunta suka ce ta ruga, ta dake, ta cusa hannayenta a aljihu har farce na shiga nama. Yau ta riga ta yi masa taimakon da bai nema ba sau ɗaya, ya ishe ta.

Bai ko waiwayo ba ya ce, "Marly, kin makance ne? Riƙe mini nan."

Haka yake ce mata tun tana 'yar shekara tara, a garejin babansu, ita ce mai riƙe fitila, mai riƙe ƙarfe, mai shan zagi. Ba ta san lokacin da ta tsallake mesar ba. Ta ɗora tafukanta biyu a kan alminiyam mai sanyi ta danna.

"Ba can ba, kusa da ramin. Wa ya koya miki aiki?"

"Wani tsohon banza ne."

Tas! Ribit ya zauna daram, kansa lafe da fallen, ko farce ba zai shiga ƙarƙashinsa ba. Arvid ya shafa shi. Ya ce Delbert ya ba shi wani. Tas! Ya ce a ƙaro. A na bakwai ne Delbert ya fara ƙorafi.

"Kai, harajin ɗaya ne! Ka bar mini na lokacin sanyi mana. In aiki kake so ka je ka sayi taka."

Arvid ya ajiye bindigar, yana haki, goshinsa ya jiƙe duk da sanyin nan. "Guda nawa ne a mota ɗaya?"

"Dubu biyu, in ba ka ɓata ko ɗaya ba. Kuma kowanne sai ka auna, ka huda, ka share bakin ramin. Ni kaɗai nakan kai watan Mayu."

"Kai kaɗai, shi ya sa layinka ya zama haka." Ya juyo ga ƙanwarsa. "Ke, cikin littattafan nan naki akwai wannan?"

Akwai wannan? Ai shafin har ya yage don buɗewa. Amma ta haɗiye murnarta, don ba ta so gobe a ce ta yaudare shi. "Akwai. Sai dai ba za ka iya shiga ba, Arvid. Ƙofar ba ta kai faɗin tire ba, ga salansa a hanya, kujerar kuma a ƙasa take dungurungum. Ka san ƙa'ida, sai an zauna."

"To mu je a zauna."

Labari ya riga su fita. Kafin su isa wurin motar Delbert ta uku, ita ma Kettle Ridge, ja mai farin ratsi, wadda injinta ya huce, tsofaffi sun kewaye ta da kofunansu a hannu. Shiga ba ta yi wuya ba, in dai faɗawa shiga ce. Arvid ya tsallake salansar da ƙafar dama, Marlys ta ɗaga masa ta hagu, ya saki jiki ya zube a kujera, tim. Ya zauna yana kallon dogon bonet ɗin nan a gabansa, ya ɗora gwiwar hannu a kan ƙofa. Delbert ya zagaya ya murza makulli, injin ya yi gurnanin da ya sa likitan haƙori zubar da gahawarsa. Abin da Marlys ta gani a fuskar yayanta, rabonta da shi wata goma sha huɗu.

Fitowa ce aka yi ta ta ƙare. Ya yunƙura, ya koma. Ya kama gilashin gaba, Delbert ya yi ihu kada ya karya masa. Mutum biyu suka kama hammata, ƙafar ta maƙale a ƙarƙashin allon gaba. Aka ƙara mutum biyu, wani na cewa a ja, wani na cewa a murɗa, wani daga baya yana ba da shawarar a bar shi a ciki zuwa bazara, a riƙa kawo masa fanke. Marlys ta rufe ido, tana jiran tsawar da za ta rusa komai. Sai ta ji wani sauti kamar tsohon inji na neman tashi. Arvid ne ke dariya, har da tari, rataye a hannun ƙarti huɗu.

Da aka dire shi a kan ƙafarsa, aka ba shi sandarsa, ta ce, "Ka gani ko? Na gaya maka."

"Ba ni da ƙugiyar ɗaga inji a gareji? Tana ɗaga nauyin fam ɗari shida. Ki ɗaura mini bel ki zura ni, in mun dawo ki zaro ni. Ke dai kira kamfanin ki ce a aiko. Wadda ba a huda ba, kin ji? Kada su kuskura su huda mini ko rami ɗaya."

"Kore ko shuɗi?"

"Sai mun kai Mayu ma yi wannan faɗan."

Ta zaro waya da sauri, har ta danna lambar da ba ita ba. Delbert ya tare su da baƙin alƙalaminsa, wai ba mai barin gonarsa da bashin suna. Suka koma rumbun. Arvid ya kama alƙalamin da dama, ya daɗe yana fama, harafin farko ya karkace, na ƙarshe ya gangara kamar zai faɗo daga fallen. Ya tsaya yana kallon rubutun, Delbert na leƙe ta kafaɗarsa.

"Kuma kai ne mai zagin layina," in ji Delbert.

"Nawa a ɓoye zai zauna, naka kuwa duniya za ta gani." Ya miƙa wa Marlys alƙalamin. "Sa naki a ƙasa. Mai riƙewa ma ta yi aiki."

A hanyar komawa shi ne ya cika motar da magana: sai an sayo bakin na'urar huda dozin uku, sai an gyara hitar gareji, teburin aikin nan kuma dole a juya shi, tunda yanzu ta dama zai riƙa zuwa masa. Ba wanda ya ambaci mai gwanjo. Ita dai ba ta yarda ta tambaya ba, tana tsoron kada ta taɓa abin ya fashe.

Da suka isa, ta tsaya a ƙofar kicin kamar kullum don ta taimaka masa ya hau matakala. Ya sauko, ya gyara riƙon sandarsa, ya bi ta gefen gida. Ta bi shi a baya tana ƙirga takun a ranta, har ashirin. A bakin garejin ya laluba aljihun rigarsa ya fito da makulli, ashe duk watannin nan a jikinsa yake yawo. Kwaɗon ya yi tsatsa, yana ta lilo, hannu ɗaya ba zai iya tsayar da shi ya kuma murɗa ba.

"Lambar mai gwanjon na jikin firij, in mun shiga ki kira shi ki ce ya sha zamansa," in ji Arvid. "To me kike kallo kuma? Riƙe mini nan."